Jamusancin Kawu da Hausar 'Yata

Daga Allah muka zo, gare Shi za mu koma, Kawu kuwa ya riga mu. Ya rasu a nan Riyad da yammacin wata Talata, washegari bayan azahar aka sallace shi, aka kai shi makwancinsa a ƙasar da ya yi rabin rayuwarsa yana aiki a cikinta. Na zauna rubuta wannan ne don kada jikokinmu su tashi ba su san an taɓa yin irinsa a danginmu ba.

Allah Ya yafe mana, amma ban taɓa zuwa zaman makokin da aka yi dariya kamar nasa ba. Istiraha muka kama, irin gidan nan mai fili da ake haya don taro, maza a waje, mata a ciki. Mace za ta shigo da fuskar ta'aziyya, ta ce, "Ya muka ji da haƙuri?" mu ce, "Sai godiya," a miƙa mata gahawa da dabino. Kafin ta cinye dabinon sai wata ta ce, "Kun tuna ranar da Baba Injiniya ya yi kaza?" Shi ke nan, sai ka ga ana toshe baki da gefen abaya. Wata abokiyar aikina a asibiti, nas kamar ni, ta ba mu labarin ranar da ta fara sauka ƙasar nan. Direban da aka ce zai ɗauke ta bai zo ba, ta zauna a filin jirgi tana kuka a waya. Kawu ya je ɗauko wani baƙo daban, ya ji tana "wayyo Allah na", ya tsaya a kanta ya ce, "Wannan wayyo ɗin na gida ne, taso mu tafi." Sai da ya kai ta har masauki sannan ya tuna da bawan Allahn da ya je ɗaukowa.

Maigidana ya ce ɓangaren maza ma ya fi namu. Ɗaliban jami'a 'yan Najeriya da Nijar sun zo da yawa, kusan kowannensu da labarin rigar sanyin da Kawu ya saya masa, don shi a ganinsa zalunci ne a kawo yaro Riyad ba a gaya masa ana sanyi ba. Direbobin manyan motoci sun zo daga unguwar Sulay, 'yan Sudan da 'yan Pakistan, suna tambayar wa zai riƙa kai musu tuwo ranar salla. Ɗayansu ya rantse cewa bai taɓa son miyar kuka ba, amma Kawu ba ya barin wurin sai ya ga ƙasan kwano. Akwai kuma wani dattijon Bajamushe, abokin aikinsa na shekaru, da ya cire takalmi ya zauna a kan darduma, ya rasa inda zai sa dogayen ƙafafunsa. Da aka gaishe shi sai ya ce da Larabcinsa na dole, "Yau babu sauran mai ce mini in cinye abincina in girma." Ya faɗa yana dariya, hawaye na bin gemunsa.

Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba a wurin, ita ce 'yata. Budurwa ce yanzu, ta kusa gama sakandare. Ta raɓe a lungu da wayarta a hannu, duk matar da ta yi mata gaisuwa da Hausa sai ta amsa da Larabci, a taƙaice. Ni kuwa ina zuba gahawa ina satar kallonta, domin na san abin da matan nan ba su sani ba. Shekara da shekaru ke nan, mutum ɗaya tak a duniya yarinyar nan take yi wa Hausa, shi ne wanda muka binne. Ni da na haife ta Larabci take yi mini, ko Turanci in ta ga dama. Mahaifiyata Inna da ke Kano, wadda yarinyar ta ci sunanta, rabon da ta ji jimla guda daga bakinta har ta manta. Tsorona shi ne Hausar ta bi Kawu kabari, Inna ta mutu ba su taɓa zama sun yi hira da takwararta ba.

Bari in koma baya, don wanda bai san mu ba. Kawu ƙanen Inna ne, uba ɗaya. Kakanmu ma'aikacin jirgin ƙasa ne, bayan rasuwar matarsa ta fari, wadda ta haifi Inna, aka tura shi Jamus koyon aikin injina. Ya dawo Kano da takardar shaida a jaka da Baturiya a bayansa. Ta musulunta, ta koyi tuƙa tuwo, ta haifi ɗa ɗaya. Duk Hausar da ta iya ba ta taɓa yi wa ɗan nan magana da ita ba, sai da harshen garinsu. Inna a lokacin tana hannun kakarta a cikin birni, ko kalma ɗaya ba ta tsinta ba. Kawu bai kai ga shiga sakandare ba uwar ta rasu, Inna ce ta ƙarasa renonsa, da faɗa da zolaya da ɗumamen safe. Har ya yi furfura ba ta kiransa da komai sai Bajamushe, kuma takan ce jinin Jamus ɗin ya tsaya masa a hanci da gashi, bai ƙarasa wurin agogo ba, don Kawu bai taɓa zuwa ko'ina a kan lokaci ba.

To ka ga Jamusancinsa a inda uwarsa ta ajiye shi ya tsaya: na ɗaki ne, na wanka, na cin abinci, na kwanciya barci. Bai karanta shi a makaranta ba, bai taɓa zama a Jamus ba sai ziyarar aiki da girmansa. Allah kuma Ya kawo shi wata masana'antar robobi a Birnin Masana'antu na Biyu na nan Riyad, inda kusan duk injinan daga Jamus aka kawo su. Duk lokacin da aka turo masu gyara daga can, Kawu ne a gaba, yana zuba musu zance ba birki. Su kuma sai ka ga sun ƙame, sun kalli juna, kafaɗunsu sun fara rawa.

Wata Juma'a dattijon Bajamushen nan ya zo cin abinci wurin Kawu, wanda ke zaune a hawan da ke ƙasan namu. Ni na yi girkin, don haka na ga ina da ikon tambaya. Na ce masa da Turanci, "Wai me kuke yi wa kawuna dariya? Ba ya iyawa ne?"

Ya ajiye cokali ya ce, "Yana iyawa mana. Duk abin da ya ce muna ganewa. Amma bari in nuna miki." Ya ce su a harshensu sunayen abubuwa gida uku suke: akwai namiji, akwai mace, akwai wanda ba namiji ba mace ba. Mota tana gida na ukun, wuƙa ma haka, kai har yarinya ƙarama a can suka jefa ta. Kawu kuwa ya rushe gida na ukun gaba ɗaya, ya raba kayan cikinsa yadda ya ga dama. Da muka bi su ɗaya bayan ɗaya sai na gane ba yadda ya ga dama ba ne, yadda Bahaushe ya raba su ne.

Kawu yana tauna ya ce, "Mota mace ce a Kano. Ba zan canza mata jinsi don an ƙera ta a garinku ba."

Bajamushen ya ce akwai kuma maganar aikatau. Su in za su ce "saboda na sayi nama a kasuwa", sai sun jero saboda, da ni, da nama, da kasuwa, sannan can a ƙarshe su sako sayen. Kawu tun a farko yake sakinsa.

"Ni ba ni da wannan haƙurin," in ji Kawu. "In mutum ya mutu a tsakiyar zance fa? An bar magada ba su san saya ya yi ko sata ba."

Babbar kuwa ita ce ta girmamawa. Suna da "kai" ta yara da 'yan gida, suna da wata daban ta manya da baƙi, kamar dai yadda wasunmu ke ce wa babba "ku". Kawu ta farkon kaɗai ya sani, tunda da uwarsa kaɗai ya taɓa hira. Wata rana babban shugaban kamfanin da ke ƙera injinan ya zo da kansa, mutumin da ma'aikatansa ba sa zama sai ya zauna. Kawu ya tare shi ya ce masa, da irin kalmomin da ake yi wa yaron goye, ya je ya wanke hannuwansa, ya cinye abincinsa tas don ya girma, kuma kada ya taɓa injin can, ya yi "haiya", wato ya yi barcin jarirai. Duk wanda ke wurin ya sha jinin jikinsa. Mutumin ya cire tabarau, sannan ya fashe da dariya har da riƙe bango. Ya ce rabonsa da jin wannan magana tun rasuwar kakarsa.

Dattijon ya gaya mini aikinsa ya kai shi ƙasashe da dama, ya haɗu da jikokin Jamusawan da suka yi ƙaura tun da daɗewa, kuma bakinsu kusan hanya ɗaya yake bi da na Kawu. Ƙananan wutsiyoyin kalmomi su goge, gidajen sunaye su haɗe, jerin zance ya koma bin harshen da ake yi a titi, tsofaffin kalmomin da aka daina ji a Jamus kuma su zauna daram. Kawu ya miƙa masa yaji ya ce, "Kada ka wahalar da kanka. Jamusanci ne da ya sha ruwan Kano, iyakar magana ke nan."

Na yi dariya ranar, amma dariyar ba ta kai ciki ba, domin abin da yake lissafawa ina jin irinsa a ɗakina kullum. 'Yata a Riyad aka haife ta. Makarantarta Larabci, ƙawayenta Larabci, mai baƙala, wato ɗan kantin da ke ƙasan gidanmu, Larabci, har mafarki na tabbata da Larabci take yi. Tana ƙarama tana Hausarta, amma irin wadda ta sha ruwan Riyad. Sai ta ce, "Umma, hannuna tana ciwo," saboda hannu mace ne a Larabci. Ta ce, "Ƙofa ya rufe," saboda a can ƙofa namiji ne. "Da muka je" kuwa ba ta taɓa zama a bakinta ba, kullum "da mun je" ce. Ni kuma nas ce, ba na iya ganin abu a karkace in wuce. Ta faɗa in gyara, ta sake in sake.

Abin ya ɓaci ne a wani hutu da muka je Kano, tana 'yar firamare. Ta shigo ɗakin Inna da gudu tana kuka, ta ce, "Kaka, ƙofa ya matse ni, hannuna tana jini!" Inna ta duba ta ga ɗan ƙwarzane ne, ta hura mata, sannan ta ɗaga murya, "Jama'a ku zo ku ji takwarata! Wallahi ko Bazazzagi bai taɓa yin wannan ɓarin ba!" Gida ya cika da dariya. Taubasanta suka ɗauka, suka mai da shi waƙa, duk inda ta gifta sai a ce, "Hannuna tana jini."

Mu da muka tashi a gida mun san wannan. Kaka ta tsokani jikarta ai so ne, taubashi ya zolaye ka haƙƙinsa ne, abin da ake jira kawai shi ne ka rama, in ka fi su baki a tafa maka. Amma wa ya koya mata? Wasan jika da ta sani na Kawu ne, mai ce mata amarya yana ƙorafin ba ta iya dafa masa shayi ba, kuma shi bai taɓa wasa da bakinta ba. Ita abin da ta gani shi ne gida guda ya taru yana mata dariya, kakarta a kan gaba. Su kuma can suna ta jiran ramuwa, da ba ta zo ba sai suka ce 'yar Saudiyya girman kai gare ta. Tun daga jirgin dawowa ta kulle bakinta. In Inna ta bugo waya na miƙa mata, sai ta ce, "Assalamu alaikum, Kaka," ta yi gum har Inna ta gaji ta ce, "Karɓi wayarki, yarinyar nan ta raina ni." Abin yana ci wa Inna rai ƙwarai, ni ma yana ci mini.

A kan wannan muka yi faɗanmu ɗaya tilo da Kawu. Na yanke shawarar in tura ta Kano ta yi shekara guda a hannun Inna, ko ta so ko ta ƙi. Ban san wa ya kai masa labari ba, ina zargin maigidana. Sai ga shi ya hawo bene yana haki, ko zama bai yi ba.

"Ke 'yar Yaya, an ce za ki aika yarinya Kano?"

"Eh, Kawu. Ta je ta gyara bakinta."

"Karyewa bakin ya yi da za a kai shi wurin mai ɗori?"

"Kawu, 'yata ce fa."

"Na sani, ai ni na zaɓo ragon sunanta. Amma ke duk kalmar da ta leƙo daga bakin yarinyar nan sai kin tare ta a ƙofa kina neman iƙamarta, takardar izinin zama. Wa zai fito a haka? Ki bar ta ta yi magana tukuna, gyara ya biyo baya."

Raina ya ɓaci, ni kuma in raina ya ɓaci bakina ba ya neman izini. Na ce, "So kake ta zama kamar kai, duk wanda ya zo daga Jamus ya mai da kai abin dariya?"

Ya dube ni, ya gyaɗa kai, ya juya ya sauka. Muka ɗauki kwanaki sai gaisuwa a bakin ƙofa. Rannan sai ga faranti an aiko, dankalin Turawa da aka goga aka soya fale-fale, girkin mahaifiyarsa, ya barbaɗe shi da yajin ƙuli. Na ci, na mayar da farantin da dambun nama, magana ta wuce. Tafiya Kano dai ba a yi ba, don maigidana ya bi bayan Kawu. Har gobe ina ganin da ta je da wani abu ya gyaru, amma an fi ni yawa.

Daga nan Kawu ya ɗauki aikin a hannunsa, ta hanyarsa. Duk Juma'a bayan la'asar sai ya ɗauke ta su tafi kasuwar Dira, wai ta raka shi sayen turare. Tun a mota ya sanar da ita cewa Larabcinsa na wurin aiki ne, ranar Juma'a yana hutu, ba ya ji ba ya gani. Makonnin farko shi kaɗai yake surutunsa, ita tana kallon taga. In ya ce, "Amarya, me za a saya miki?" ta faɗa da Larabci, sai ya ce to, ya shiga shago ya sayo wani abu daban. Ta nemi askirim ya sayo mata tsintsiya. Ta nemi ɗan kunne ya sayo mata mazurari. Gidana ya cika da tarkacen da ban san inda zan kai su ba. Shi ya ba ni labari da bakinsa, yana dariya har da tari, ranar da ya miƙa mata buta a tsakiyar kasuwa, cikin zafin nan na Riyad, ta buga ƙafa ta ce, "Kaka, ba wannan ba! Ni ina so mai sanyi, wanda ana sha!" Ya ce, "Au, to ai da kin faɗa." Bai gyara mata ko harafi ba, ya saya mata har biyu.

Haka suka ci gaba, shekara ta bi shekara. Ina jiyo su ta taga in sun dawo, tana zuba masa labarin makaranta da Hausarta mai faci-faci, yana "iye, sai aka yi yaya?" Da ta taka ƙofata kuwa sai Larabci ya dawo. Kishi ya kama ni, ba zan ɓoye ba.

Wata rana ya gayyaci Jamusawa matasa da aka turo gyaran inji, ya ce lallai amarya ce za ta zuba shayi. Ta zauna ta ga yadda suke ƙyalƙyala dariya duk lokacin da ya buɗe baki, shi kuma ko a jikinsa, in sun gama ya ɗora daga inda ya tsaya. Bayan sun tafi ina wanke-wanke a kicin ɗinsa na ji ta ce, "Kaka, ba ka ji kunya? Suna dariya a kanka."

Ya ce, "Na taɓa ji, amarya. Ina saurayi a Kano aka kawo wani Bajamushe gyaran inji a wurin da nake koyon aiki. Tun rasuwar mahaifiyata ban ji harshen nan a bakin kowa ba. Na ruga wurinsa, na zuba masa duk abin da ke cikina. Ya yi dariya, ya ce ina magana kamar jaririn da ba a yaye ba. Daga ranar na rufe bakina, na daɗe ƙwarai ban buɗe ba. Da na zo buɗewa a garin nan sai na tarar rabi ya zube. Akwai waƙar da take yi mini in za ta yi mini wanka, yanzu muryar kawai ta rage, kalmomin sun tafi. Na rera wa Jamusawa da yawa, babu wanda ya gane ta. Shi mutumin ya yi dariyarsa ya hau jirgi, ko tunawa da ni bai sake yi ba. Ni ne na yi asara."

Ta shiga tattara kofunan shayi. Ni kuma na ci gaba da cuɗa tukunyar da na riga na wanke. In na yi masa ƙorafi cewa har yanzu ba ta yi wa Inna magana, sai ya ce, "Ki bar ta, tana hanya." Ajali kuwa bai jira ta iso ba.

Ranar sadakar uku, bayan la'asar, mata sun fara raguwa, sai ga wayar Inna ta bidiyo. Ƙafafunta ba su bari ta zo ba. Tun ranar rasuwar take bugowa ana yi mata gaisuwa, amma ranar na ga da magana a bakinta.

"Ke, ina so ki gaya mini yadda ƙanena ya cika."

Na ce, "Inna, ina wurin aiki. Ko da aka kira ni na iso, ya riga ya tafi."

"To wa ke wurin?"

"Takwararki. Ita kaɗai."

Inna ta gyara riƙon wayar. Can ta ce, "Ba ni ita."

Na ce, "Inna, bari ta faɗa mini da Larabci in mayar miki."

"Kina wurin? Ni na reni yaron nan, ni na yi masa aure. Ba na son ji ta bakin tafinta, ina so in ji daga wadda ta gani da idonta. In ba za ta iya ba shi ke nan, na haƙura, sai in bi shi ban sani ba."

Murya a sake take, duk ɗakin an ji. Na juya na dubi 'yata, ban ce mata komai ba, don na san in na yi magana na ɓata. Ta daɗe tana kallon darduma. Sannan ta miƙe ta karɓi wayar daga hannuna, ta shiga ɗan ɗakin da muke ajiye kwanuka, ta tura ƙofar ba ta rufe duka ba. Eh, na yi laɓe. Uwa ce ni.

"Kaka," ta ce. "Da na dawo daga madrasa, na shiga wurin shi. Yana gyara makwa, abin guga, na maƙwabta. Ya ce, amarya, cire wuta, ƙirjina ya yi nauyi. Na cire. Ya zauna a kan sallaya. Ya ce kira motar asibiti, kira Umma. Na kira. Na yi kuka, ya ce kar ki kuka, kawo ruwa."

"Ya sha?" in ji Inna.

"Ya sha kaɗan."

"Ya ji jiki ƙwarai?"

"Ba sosai ba. Ya riƙe hannuna. Ya yi magana da yaren maman shi, ban gane ba, amma yana murmushi. Bayan nan ya ce la ilaha illallah, Muhammadur rasulullah. Ya ce da yawa. Ni ma na ce tare da shi, har ya yi shiru."

Na ji Inna ta saki wani dogon numfashi. "Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi. Bajamushe ya cika da kyau." Ta fashe da kuka, irin kukan da ba ta yi ba tun ranar Talata, ni ma na jingina da bango ina nawa.

'Yata ta ci gaba, yanzu da ɗan ƙarfi, har da fushi. "Kuma Kaka, mutanen asibiti da sun zo, sun shiga da takalmat ɗinsu a kan sallayar shi! Na ce musu haram!"

Ta ɗauko wutsiyar jam'in Larabci ta liƙa wa takalmi. Na runtse ido ina roƙon Allah Ya sa Inna ba ta ji ba. Ina! Cikin kukan nan sai ga dariya ta kufce mata. "Takalmat! Oh ni 'yasu, takwara, takalmat!"

Na ce a raina shi ke nan, an koma gidan jiya, kuma yau babu Kawun da zai kai ta Dira. Na kai hannu zan tura ƙofar.

Sai na ji ta ja majina ta ce, "Kaka, ki bari dariya, ban gama ba. In Hausana bai yi miki ba, yalla, mu koma Larabci, in ga ke."

"A'a, a'a, rufa mini asiri!" in ji Inna, tana dariya tana share hawaye. "Na tuba, takwara, na bi Allah na bi ki. Ci gaba, sai aka yi yaya?"

Na janye hannuna daga ƙofar, na koma wurin baƙi. Har aka kira magariba suna ciki, ina jiyo muryoyinsu, wannan ta tsokana wannan ta rama.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yalwata masa makwanci, Ya jiƙan uwar da ta haife shi da kakanmu, Ya ba Inna haƙurin rashinsa. Mu kuma in tamu ta zo, Ya sa mu cika da irin kalmar da ya cika da ita. Duk wanda wannan rubutu ya isa gare shi, ina roƙonsa ya sa Kawu a addu'a, da kowane harshe ya iya, ko da bai iya shi da kyau ba.